Ciwon hantsar shanu: Ko man kanumfari da daddoya zai iya maye gurbin allura a Kano?

A duk masana'antar da ake haɗa yogot, ƙarama ce ko babba, akwai wasu sa'o'i huɗu zuwa shida da ma'aikata ba su da abin yi sai jira. An dafa madara, an bari ta huce zuwa ɗumin digiri 42 zuwa 45, an zuba mata ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke sa ta yi tsami ta yi kauri, sannan an rufe tanki.

Idan komai ya tafi daidai, yogot ya kama. Idan kuwa akwai ɓurɓushin maganin antibayotik a cikin madarar, ko yaya ƙanƙantarsa, ƙwayoyin nan sai su yi sanyi ko su mutu gaba ɗaya, madarar ta zauna tsululu, a yi asarar tanki guda.

Ɓurɓushin yakan fito ne daga saniya ɗaya ko biyu da aka yi wa allura a ruga, aka kuma ci gaba da tatsarsu ana haɗawa da madarar sauran garke. A gonakin madara na duniya, ciwon hantsa shi ne kan gaba cikin dalilan da ke sa a bai wa saniyar tatsa antibayotik.

Shi ya sa masu bincike suka daɗe suna gwada ko man ƙamshin da ake samu daga tsirrai irin su kanumfari da kirfa da daddoya zai iya yin aikin da allura ke yi. Abin da aka gano zuwa yanzu shi ne man na kashe ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji, amma ba a tabbatar yana warkar da hantsar saniya mai rai ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai kuɗin makiyayi, da jarin mai masana'anta, da lafiyar wanda zai sha.

Daga madarar gari zuwa madarar ruga

Unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa sun yi suna ne da man gyaɗa da yadi da jima da robobi da alawa. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin sun rufe saboda matsalar lantarki da kayan waje masu araha, amma sarrafa abinci da abin sha bai mutu ba, domin baki ba ya hutu.

Sai dai mafi yawan yogot ɗin da ake sha a Najeriya, har da Kano, da madarar gari ta ƙasashen waje ake yin sa. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara wajen shigo da madara. A watan Fabrairun 2020 bankin ya taƙaita bayar da canjin kuɗin shigo da ita ga kamfanoni shida kacal, kafin ya janye takunkumin a watan Maris na 2024. Ana cikin haka darajar naira ta faɗi tun daga 2023, buhun madarar gari ya yi tsadar da ƙananan masu yogot ba su taɓa gani ba.

Hankali ya koma kan madarar ruga. Kamfanoni irin su L&Z sun daɗe suna sayen ɗanyar madara daga hannun makiyaya a Kano. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, wato KSADP, shirin dala miliyan 95 da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, ya sa gina cibiyoyin tara madara a cikin manyan ayyukansa. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, ta kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo.

Madarar gari tana zuwa ne an riga an gwada ta a ƙasar da aka yi ta. Madarar ruga kuwa tana zuwa daga ƙorai da jarkoki masu yawa, kowace da tarihinta. Duk masana'antar Sharada ko Bompai da ta koma amfani da ita, ta gaji matsalar hantsar shanun da ba ta taɓa gani da idonta ba.

Ciwon da ba ya nuna kansa

Ciwon hantsa kumburi ne da ke faruwa idan bakteriya suka shiga ta ƙofar kan nono. Makiyayi ya san nau'in da ke bayyana: hantsa ta kumbura ta yi zafi ta yi tauri, saniya ta riƙa harbi idan an taɓa ta, madara ta fito da gudaji ko ruwa-ruwa, wani lokacin da jini.

Wanda ya fi yawa kuma ya fi cin riba shi ne ɓoyayyen. Hantsa lafiya lau a ido, madara fara tas, amma adadinta na raguwa kuma tana saurin lalacewa. Ana gane shi ne ta ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da jiki ya tura cikin madarar domin yaƙi da cutar. Idan suka haura 200,000 a mililita ɗaya, galibi ana ɗauka akwai ciwo. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da aka ƙirƙiro a California tun 1957: faranti mai gurbi huɗu, a tatsa kowane nono a gurbinsa, a zuba wani ruwa mai kama da na sabulu, a jujjuya. Gurbin da ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, nan ciwon yake.

Ƙwayoyin cutar iri-iri ne, kuma nan ne maganar magani ke rikicewa. Wasu, kamar Staphylococcus aureus, suna yaɗuwa daga saniya zuwa saniya ta hannun mai tatsa ko tsumman goge hantsa. Wannan ƙwayar tana ɓuya a cikin tsokar hantsa, tana yi wa kanta wani rufi mai danƙo, har antibayotik ma ba ya yawan gamawa da ita yayin da ake tatsar saniyar. Wasu kuma, kamar E. coli, daga kashi da taɓon da saniya ke kwanciya a kai suke fitowa, abin da ya sa damina ta fi rani haɗari. Idan ciwon E. coli bai yi tsanani ba, sau da yawa jikin saniya kan kore shi da kansa.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk mai sauraron tallan magani. Saniyar da za ta warke da kanta, duk abin da aka shafa mata shi za a yaba.

Wa zai zubar da madarar mako guda?

A kasuwannin shanu irin na Wudil da Dambatta, samun kwalbar oksitetirasaikilin ko haɗin fenisilin da sitireftomaisin ba ya buƙatar takardar likita. Makiyaya da yawa su ke yi wa shanunsu allura da kansu, suna kintatar nauyin saniya da ido. Likitan dabbobi na nesa, ciwo kuma ba ya jira.

A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a ƙaurace wa madarar bayan allurar ƙarshe, daga kwana biyu ko uku har zuwa mako guda ko fiye, gwargwadon maganin. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan haruffa. Ko da an karanta, lissafin gida na nan. Saniyar Bunaji ko Bokolo ba ta cika ba da fiye da lita ɗaya zuwa biyu a rana ba bayan ɗan maraƙi ya sha nasa. A al'adar rugage da yawa, madara ta matar gida ce, da ita take cefane da sauran buƙatu. Mijin ne ke yin allura, matar ce za ta rasa kuɗin kwana bakwai. Ba abin mamaki ba ne idan madarar ta bi hanyar kasuwa.

Dafawa ba ta raba madara da ɓurɓushin maganin gaba ɗaya. Iyakar da hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gindaya wa fenisilin ita ce maikirogiram huɗu a lita, na dangin tetirasaikilin kuma 100. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Wato giram ɗaya na fenisilin sai an sirka shi da lita 250,000 na madara kafin ya sauko kan iyakar.

Asarar tanki ita ce ƙaramar illa. Babbar ita ce ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin har su bijire masa, a jikin dabba da na mutum. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi ƙamari idan aka auna da yawan jama'a. Ƙiyasin Najeriya a waccan shekarar ya kai mutum 64,500. Ba shanu kaɗai suka jawo wannan ba, asibitoci da shagunan magani na da babban kaso, amma magungunan da ake ɗirka wa dabbobi dangin waɗanda ake bai wa mutane ne.

Wane mai ake nufi?

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware, musamman a gari kamar Kano inda shagunan magungunan gargajiya da na Musulunci ke cike da kwalaben mai.

Man gyaɗa da man riɗi da man darbejiya matse su ake yi daga ƙwaya, aikin da Bompai ta ƙware a kai tun zamanin dalar gyaɗa. Man ƙamshi kuwa da tururi ake fitar da shi: a cika tukunya da ganye ko fure ko ɓawo, a tura tururi ya ratsa, a sanyaya tururin, sai ɗan siririn mai ya taso a saman ruwa. Shi ne ke ɗauke da ƙamshin tsiron, kuma yana da ƙarfi ƙwarai. Jiƙon maɗaci ko bagaruwa da makiyaya suka gada shi ma wani abu ne daban, sinadaransa ba irin waɗannan ba ne.

Sinadarai huɗu ne suka fi jan hankalin masu bincike. Akwai yujinol, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin man kanumfari, kuma shi ne ke kashe zafin haƙori idan an tauna. Akwai sinamaldehaid na kirfa. Sai timol da kabakurol, da ake samu a ganyen tayim ɗin da ake sawa a girki da danginsa. Galibinsu suna aiki ne ta hanyar huda fatar ƙwayar bakteriya har abin da ke cikinta ya tsiyaye.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Connecticut ta Amurka sun gwada waɗannan huɗun a cikin madara, a kan manyan ƙwayoyin da ke haddasa ciwon hantsa. Duk sun yi tasiri, na kirfa ya fi ƙarfi. Tun daga nan an yi ta wallafa irin wannan sakamako daga ƙasashe da dama. Sai dai a kwalbar gwaji aka yi shi, kuma masu binciken da kansu sun nuna cewa sai an gwada a jikin shanu.

Turawa suna da dalilinsu na matsa ƙaimi. A Amurka, saniyar gonar da ke sayar da madara da tambarin "babu sinadari" ta fita daga tsarin har abada da zarar an ba ta antibayotik, don haka manoman ke neman wata mafita ruwa a jallo. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don ƙara wa dabbobi ƙiba tun 2006, sannan daga Janairun 2022 ta hana bayar da shi barkatai da sunan rigakafi.

Abin da ke faruwa a cikin hantsa

Duk da wannan buƙata da kuɗin da ke bayanta, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani maganin tsirrai da ake ɗurawa a hantsa don warkar da wannan ciwo ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan shanu masu rai ba su da yawa, da dama a kan shanu kaɗan aka yi su, sakamakonsu kuma ya sha bamban.

Dalilan a fili suke. Man ƙamshi ba ya narkewa a ruwa, yana maƙalewa ne a maiƙo da furotin na madara, sai ƙarfinsa ya ragu. Don ya yi aiki dole a ƙara yawansa. To amma abin da ke huda fatar bakteriya yana iya ƙona tattausar tsokar da ke samar da madara. Duk wanda man kanumfari ya taɓa zubar masa a dasashi ya san raɗaɗin. Hantsar da aka ƙona ta ciki za ta ƙara kumbura, wataƙila nonon ya mutu ke nan. Ga shi kuma ana tatsar saniya kullum, maganin na fita kafin ya kai ga lungunan da ƙwayar ta ɓuya.

Haka kuma man ba ya zama iri ɗaya. Daddoya misali ce mai kyau: akwai wadda yujinol ya fi yawa a manta, akwai wadda timol ya rinjaya, alhali ganyen kusan ɗaya ne a ido. Ƙasar da aka shuka, da lokacin yanka, da yadda aka shanya, duk suna sauya ƙarfin man. Kwalbar antibayotik ta gaske tana faɗin adadin maganin da ke cikin kowace mililita. Kwalbar man da ba a auna a ɗakin gwaji ba, mai sayarwa ma bai san ƙarfinta ba.

Ga masu masana'anta akwai wani abin lura. Mai da zai kashe ƙwayar cuta zai iya taɓa ƙwayoyin da ke kama yogot, kuma ƙamshinsa na bin madara. Yogot mai warin kanumfari da ba a nema ba, asara ce ita ma. Wato ko man tsirrai ma yana buƙatar nasa kwanakin ƙaurace wa madara, kuma galibi ba a ƙayyade su ba.

Haɗari mafi kusa shi ne makiyayi ya ji labarin, ya zuƙi mai a sirinji ya tura ta kan nono. Bayan ƙuna, duk abin da aka tura ta wannan ƙofa ba tare da tsafta irin ta asibiti ba, sababbin ƙwayoyin cuta yake rakawa ciki.

Inda tsirrai ke da gurbi

A wajen hantsa lamarin ya fi ba da fata. Bayan an gama tatsa, ƙofar kan nono kan zauna a buɗe na kusan rabin sa'a ko fiye, kuma a lokacin ne ƙwayoyin cuta suka fi shiga. Tun shekarun 1960 masu bincike a Ingila suka nuna cewa tsoma kowane kan nono a ruwan kashe ƙwayoyin cuta bayan tatsa na rage sababbin kamuwa da kusan rabi. Aidin da kulohekzidin aka saba amfani da su. Nan ne haɗin man tsirrai da aka sirka yadda ya kamata zai iya samun wuri, tunda a kan fata zai zauna. A rugagenmu, inda ake sakar wa maraƙi uwarsa bayan tatsa, sai an duba yadda za a yi tsomawar ta dace da wannan al'ada.

Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa samar da madara kuma yawancin masu shanunta ƙananan makiyaya ne, ta bi wata hanya makamanciyar wannan. Hukumar bunƙasa madara ta ƙasar tana koya wa manoma haɗa alobera da kurkum da wani sinadari dangin farar ƙasa, a shafa a bayan hantsa sau da yawa a rana. Ƙungiyoyin madara na can suna ba da rahoton raguwar amfani da antibayotik, ko da yake yawancin alƙaluman daga rahoton filin aiki suke, ba daga gwajin da aka kwatanta da shanun da ba a shafa wa komai ba. Abin koyi a tsarin shi ne an haɗa shi da gwajin faranti mai gurbi huɗu a wurin karɓar madara.

Holand kuwa ta rage sayar da antibayotik na dabbobi da fiye da kashi 70 cikin 100 daga 2009. Da tsaftar wurin kwanciya da rubuta kowane magani da aka bayar da kuma ware shanun da ke buƙatarsa ta cimma hakan. A nan gida, wanke hannu da sabulu kafin tatsa, daina goge shanu goma da tsumma ɗaya, tatsar saniya mai ciwo a ƙarshe, da sauya makwanci idan ya yi taɓo, ba sa cin kuɗin kirki.

Idan saniya ta yi zazzaɓi, ta daina kiwo, hantsa ta yi baƙi-baƙi ko ta yi sanyi, ko madara ta koma ruwan jini, wannan aikin likitan dabbobi ne cikin gaggawa, kuma antibayotik na cikin abin da zai iya ceton ranta.

Aikin da ke jiran Kano

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Kanumfari da kirfa daga waje ake kawo su Kasuwar Kurmi, don haka farashinsu na bin dala kamar madarar gari. Daddoya da na'a-na'a da bishiyar turare kuwa suna fitowa a nan. Matsalarsu ita ce ganye ba ya ba da mai da yawa, sau da yawa kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na nauyinsa ko ƙasa da haka, yayin da busasshen kanumfari kan ba da kashi 15 ko fiye. Tukunyar tururi ba ta fi ƙarfin maƙeran zamani na Kano ba, kuma rumbunan da babu kowa a ciki ba su yi ƙaranci a Sharada da Challawa ba.

Abin da ya fi tukunya wuya shi ne gwaji. Jami'ar Bayero na da tsangayar likitancin dabbobi, Jami'ar Ahmadu Bello ma haka, ga cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a Shika da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Gwajin da zai amfani makiyayin Kano shi ne wanda aka yi a kan Bunaji da Bokolo da ruwa-biyunsu, a rani da damina, aka raba shanu rukuni-rukuni, aka duba ƙwayar cutar kafin magani da bayansa, aka kuma auna abin da ya rage a madara. Bayan nan sai rajistar NAFDAC, wadda doka ta ɗora wa alhakin magungunan dabbobi.

Kafin a kai can, cibiyar tara madara ce mahaɗar da ta fi muhimmanci. Akwai ƙananan kayan gwaji da ke nuna ɓurɓushin antibayotik cikin 'yan mintoci, kuma kuɗinsu bai kai asarar tanki ɗaya ba. Sai dai gwaji shi kaɗai korar madarar kawai yake yi. Matar da aka mayar wa jarkarta a bakin cibiya za ta dafa madarar ta yi kindirmo in ya kama, in bai kama ba ta sayar da ita a tasha ko a cikin unguwa, inda babu mai gwadawa. Kamfanin da ke son madarar ta tsaya a ruga har maganin ya fita, sai ya shigar da kuɗin waɗannan kwanakin cikin yarjejeniyarsa da ƙungiyar makiyaya tun kafin a fara kawo masa lita ta farko.